DJ Aradu da Faifan Mama Miriyam

Da a ce cika baki noma ne, da Silvanus ɗan Baba Azariya ya ciyar da Fadan Kagoma gaba ɗaya, har ya loda saura a mota ya aika Kachia. Babu abin da bai iya ba, in ji shi. Shi ne ya gyara wa Fasto fanka, tun daga ranar fankar take juyawa ba ta ba da iska. Shi ne ya yi wa maƙwabcinsu gyaran injin niƙa, injin ya koma cin masara ba ya fitar da gari. Duk da haka in ka same shi a gindin mangwaro, zai gaya maka cewa kayan ne ba su saba da hannun ƙwararre ba.

To, ƙanwarsa Keziya za ta yi aure, kuma abu ɗaya tak ta roƙa. Ba ta nemi doguwar mota ba, ba ta nemi kek mai hawa-hawa ba. So take ranar liyafa ta shigo fili da rawa a kan muryar mahaifiyarsu.

Mama Miriyam, kafin Ubangiji ya kira ta gida, ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinsu. Shekarun baya wani mai ɗaukar murya ya zo daga Kafanchan, ya ɗauke su a cikin coci, ya buga musu faifan sidi 'yan kaɗan. Wasu sun karce, wasu sun ɓace, wasu ma an rataye su a gona suna korar tsuntsaye. Guda ɗaya ya rage a duniya, yana ƙasan akwatin Baba Azariya, a naɗe cikin ɗankwalin zumunta na marigayiyar. In kewa ta dame su, sai Baba ya sa shi a tsohon rediyonsa su saurara har zuwa Amin ta ƙarshe. Bayan Amin sai ƙarar jan benci da tarin tsofaffi, nan kowa ke kashewa.

A taron iyali Keziya ta ce a ɗauko Meshak na Kagoro, wanda ke kiɗan biki da kwamfuta. Kafin ta rufe baki Silvanus ya miƙe.

"Meshak? Wannan mai danne-danne kamar akawun kotu? Ina raye a gidan nan za a ɗauko bare ya sa muryar uwata? Kun manta wa ya yi injiniyan faifan nan? Ranar da aka ɗauke shi, ni na riƙe wayoyi. Mutumin Kafanchan ɗin ma ni na nuna masa inda zai soka."

Anti Milka, ƙanwar marigayiyar, wadda ta gaje ta wajen ba da waƙa a zumunta, ta dube shi ta gefen ido. "Na tuna dai kana wurin."

"To kun ji da kunnenku."

"Ban ce na tuna kana aiki ba."

Silvanus ya yi kamar iska ce ta wuce. Ya yi ta zuba, ya ce zai sayo injin ƙwararru da kuɗin cittarsa, ya ce za a daɗe ana labarin bikin nan har Kaduna. Baba Azariya ya gaji da surutu, ga shi kuma ɗa ɗa ne, sai ya ɗaga hannu.

"Na yarda. Amma ka ji ni da kyau, Silvanus. Faifan nan ɗaya ne. Mamanku ba zai dawo ya sake waƙa ba."

"Baba, ka sa ranka a inuwa."

Keziya kuwa tun daga wannan lokaci nata ran ya fita rana.

Silvanus ya sayar da rabonsa na citta, ya saka takalminsa mai tsini, ya hau mota sai Kafanchan. Ya faɗa shagon wani Jamiluddeen mai sayar da kayan sauti, sabo da na gwanjo, ya tsaya a tsakiya yana huci kamar wanda ya zo sayen shagon.

"Malam, injin sidi na DJ nake so. Na manya. Kada ka nuna mini na yara."

Jamiluddeen ya sauko da wani ɗan madaidaici. "Wannan sabo ne, yana cin faifai yana cin filashi. Ko ana tsalle kusa da shi ba ya gargada."

Silvanus bai ko dubi fuskar injin ba. Ɗaga shi ya yi a tafin hannu yana jijjigawa, yadda ya ga dillalan citta na yi wa buhu a kasuwar Kachia. Ya taɓe baki.

"Wannan ai fanke ne. Babu komai a cikinsa."

Aka kawo na biyu. Ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya kara kunne, kamar mai sayen tulu.

"Da sauƙi, amma har yanzu bai ƙoshi ba."

Yana juyawa sai ya yi tuntuɓe da wani abu da aka tokare ƙofar shagon da shi. Wani baƙin inji ne jibgege, da faranti mai juyawa a tsakiyarsa, maɓallai kuwa ko'ina kamar ƙurajen zafi. Silvanus ya sunkuya zai ɗaga, bayansa ya ce ƙas. Fuskarsa ta washe.

"Yauwa! Ka ɓoye nama kana nuna mini ƙashi."

"Wannan gwanjo ne fa, daga wani gidan rawa na ƙasar waje ya fito. Takardar bayaninsa ta ɓace."

"Takarda ta 'yan koyo ce."

"Rubutun maɓallan duk ya goge."

"Makaɗin gaske ba ya karatu, ji yake yi."

"Ga shi babu wuta balle mu gwada."

"Nauyinsa ya gwada kansa."

Jamiluddeen ya sosa gemu. "Kana dai da miksa a gida ko?"

Silvanus bai taɓa sanin mene ne miksa ba, amma bai ga dalilin da zai sa a ji hakan a Kafanchan ba. "Har biyu," in ji shi. Mai shago ya ƙara masa abin ji na kunne kyauta, ya taya shi ɗora kaya a kan acaɓa, sannan ya koma ya nemo dutse ya tokare ƙofarsa yana godiya ga Allah.

Da yamma rabin unguwa ta taru a tsakar gidan Baba Azariya. An aro janareta. Silvanus ya soka waya, injin ya kama da fitilu ja da kore kamar coci ranar Kirsimeti, mata suka yi guɗa. Ya nemi faifan Mama don gwaji, Baba ya zauna a kan akwatinsa ya ce sai dai a ɗaga su tare. Dole aka aro wani faifan waƙoƙi daban a wurin wata maƙwabciya. Injin ya zuƙe faifan ya haɗiye, faranti ya fara juyawa. Silvanus ya ɗora abin ji a kunne, ya lumshe ido, ya fara gyaɗa kai yana karkaɗa kafaɗa.

Jama'a suka jira. Kaza ta wuce ta tsakiyarsu.

"Ya fara ne?" wani tsoho ya tambaya.

"Tun ɗazu!"

"Mu fa ba mu ji komai ba."

"Injin ƙwararru ne, Baba. Ba ya ihu kamar rediyon mai shayi. Sai mai kunnen aikin."

Anti Milka ta zagaya ta bayansa, ta sunkuya, ta ɗago ƙarshen wayar abin jin nan da ke jan ƙasa, ba a soke ta ko'ina ba. Ta ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"To mai kunnen aiki, wannan jela kuma a ina zai shiga?"

Aka yi dariya har janareta ya ji kunya ya mutu. Faifan maƙwabciya kuwa ya ƙi fitowa, sai da Silvanus ya kifa injin ya yi ta bubbuga bayansa kamar yaron da ya haɗiye ƙwandala. Keziya na tsaye a ƙofar kicin tana kallo, hannunta a ƙirji.

"Broda, abeg. Bari mu kira Meshak."

"Ke dai je ki gwada rigarki."

Ashe injin ba shi da bakin magana na kansa, sai an haɗa shi da miksa, wato na'urar daidaita sauti, da lasifika. Fasto, don tausayin amarya, ya ba da aron na coci. Silvanus ya yi ta soke-soke yana zarewa, ya ƙona ƙwan fitila, wuta ta ja shi ya ce gaisawa suka yi. Ana nan rannan da tsakar rana, ba zato ba tsammani, sauti ya fashe da ƙarfin da ya sa awakin Baba suka tsinke igiya suka nufi gonar mutane. Silvanus ya fito yana buga ƙirji, ya sanar da unguwa cewa daga yau sunansa DJ Aradu. A duk maɓallan nan biyu kawai ya gane, na kunnawa da na fitar da faifai, amma ya ce sauran sirrin sana'a ne.

Ranar biki aka gama ɗaurin aure a coci lafiya lau, jama'a suka ɗunguma filin firamare. An kafa rumfuna, matan zumunta sun jeru cikin zanensu iri ɗaya da tulunan kiɗansu a gefe. An tanadar wa DJ tebur, amma Silvanus ya ce tebur ya yi ƙasa, na baya ba za su ga injin ba. Ya sa aka ɗora shi a kan babbar lasifika, shi kuma ya hau benci, da baƙin tabarau da riga mai ƙyalli.

Baba Azariya ya zo da kansa, ya warware ɗankwalin, ya miƙa faifan da hannu biyu. Ya daɗe bai saki ba.

Mai gabatarwa ya yi shela: "Jama'a, a tashi tsaye, amarya za ta shigo!"

Silvanus ya danna. Tulu ya fara, caki ya biyo, sai ga muryar Mama Miriyam ta cika fili, garau kamar tana tsaye a ƙarƙashin rumfa: "Hanyar gida da santsi, Ubangiji ka riƙe ni." Matan zumunta suka sauke ajiyar zuciya. Can ƙarshen fili Keziya ta ɗago ƙafa, ta fara takowa a hankali cikin farar riga, ƙawayenta na biye.

Wallahi abin da ya rage wa Silvanus kawai shi ne ya zuba hannuwansa a aljihu. Da ya yi haka, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma sai idonsa ya faɗa kan Meshak na Kagoro, wanda ya zo cin shinkafa kamar kowa, yana tsaye ya harɗe hannu. Nan take zuciya ta ce wa Silvanus: yanzu mutumin nan zai koma ya ce inji ne ya yi aikin, kai tsayuwa kawai ka yi.

Sai ya murɗa sauti har ƙarshe. Lasifika ta fara rawa, injin da ke kanta ya taya ta, faifai ya fara tsalle. "Hanyar gida da san, san, san, san..." Ƙafar amarya ta tsaya a sama, ta rasa inda za ta sauka.

"Salo ne!" Silvanus ya yi ihu, ya cafki wani dogon maɓalli mai zamewa ya tura shi gefe guda. Waƙa ta zabura da gudu, muryar Mama ta koma ta 'yan tsaki. Tsofaffin zumunta, da yake ba a bar waƙar zumunta ta tafi ita kaɗai, suka bi ta a guje suna haki. Ɗankwalin Anti Milka ya faɗi, wata kaka ta riƙe ƙugu tana kiran Yesu.

"Silvanus! Za ka kashe mana tsofaffi!"

Ya fizgo maɓallin ya mayar ɗaya gefen gaba ɗaya. Muryar ta nutse, ta yi kauri, ta koma ta ƙaton namiji mai jin barci.

"Wannan kuma mijin waye ya shiga zumuntan mata?" wata ta tambaya daga baya.

Gumi ya fara wanke wa DJ Aradu tabarau. Ya mayar da maɓallin tsakiya, ya daki wani ja da ke kusa da shi, sai waƙar ta juya tana tafiya da baya, kalmomi na fita a birkice. Fasto ya miƙe zumbur da Littafi Mai Tsarki a hannu yana cewa, "A cikin sunan Yesu!" Silvanus ya sake dukan jan maɓallin, ya kama farantin nan da hannu biyu ya wulwula shi da dukan ƙarfinsa, ko Allah zai sa ya koma farko. Injin ya yi wani ƙugi, ya tsallake waƙoƙin duka, ya dire a kan kalma ɗaya.

"Amin."

Shi ke nan. Sai ƙarar jan benci da tarin tsofaffi ke fita daga lasifika.

Rawa ta tsaya cak. Keziya na tsaye a tsakiyar rana, ba ta kai rabin hanya ba, hawaye na ɓata mata hoda. Abu ɗaya ta roƙa a duk bikin nan, ga shi ɗan'uwanta ya yi wasan yara da shi a gaban dangin miji. Baba Azariya ya lalubi sandarsa ya fara miƙewa.

Wani mai hankali da sai ya sauko daga benci ya ba da haƙuri. Silvanus makirfo ya ɗauka. Ya jingina gwiwar hannu a kan injin, ya danne wani maɓalli mai tura faifai gaba bai sani ba, ya gyara murya.

"Jama'a, ku kwantar da hankali. Wanda bai san aiki ba zai ce kuskure ne. Ni da na yi injiniyan faifan nan da hannuna, babu lungun da ban sani ba a cikinsa. Ranar da aka ɗauke shi, Mama da kanta ta ce mini..."

"Silvanus! Cire hannunka daga wayar mutane!"

Muryar ta fito daga lasifika, tsaf, da kaifinta. Muryar Mama Miriyam ce, ba ta waƙa ba, ta tsakar gida. Ashe ran nan mai ɗaukar murya bai kashe na'urarsa da wuri ba, kuma duk shekarun nan babu wanda ya taɓa haƙurin sauraron jan benci har ya kai wurin.

Silvanus ya firgita ya kai wa injin mari don ya yi shiru. Marin ya sauka a kan maɓallin da ke sa inji ya riƙa maimaita wuri ɗaya.

"Silvanus! Cire hannunka daga wayar mutane! Silvanus! Cire hannunka daga wayar mutane!"

Anti Milka ce ta fara fashewa. Ta dafa gwiwa, ta nuna shi da yatsa. "Yauwa! Yanzu na tuna aikin da ka yi!"

Fili ya ɗauka. Dangin ango na dukan tebur, Fasto ya rufe fuska da Littafi kafaɗunsa na rawa, Meshak ya ƙware da shinkafa sai da aka ba shi ruwa. Silvanus ya duƙa zai fizge wayar wuta, jama'a gaba ɗaya suka haɗa baki da lasifika: "Cire hannunka!"

"Broda, kada ka taɓa!"

Keziya ce. Tana dariya tana kuka lokaci guda, har ba ka iya raba su. Waƙar Mama kowa ya haddace ta, kullum suna ji. Amma wannan muryar, wadda ke tashinsu da safe, wadda ke korar su daga bakin tukunya, tun ranar jana'iza babu wanda ya sake jin ta. Keziya ta ɗauka ta tafi ke nan har abada.

Anti Milka ta ɗaure ɗankwalinta, ta jawo tulu tsakanin ƙafafunta, ta saurari yadda faɗan ke faɗuwa, ta sa masa kiɗa. Sauran mata suka ɗauki caki. Mama na bayarwa daga lasifika, zumunta na amsawa, "Cire, cire!" Keziya ta share fuska, ta tattare farar rigarta, ta shigo fili da irin rawar da ba a taɓa ganin amarya ta yi ba a Fadan Kagoma. Baba Azariya ya koma ya zauna, ya cire hula ya rufe idonsa da ita.

"Miriyam," ya ce a hankali, "ko a can ba ki huta da yaron nan ba."

DJ Aradu kuwa yana tsaye a kan benci, hannuwansa biyu a bayansa. Tun da aka haife shi wannan ne karo na farko da uwarsa ta faɗi magana ya bi. Da rawa ta ƙare, Keziya ta zo gaban injin ta tambaye shi wanne ne na fitarwa. Da leɓe ya nuna mata. Ta danna, faifai ya fito lafiya ko ƙwarzane babu, ta naɗe shi a ɗankwali ta mayar wa Baba.

Kada ku ɗauka bakin ya mutu. Kafin a gama kwashe kujeru an ji shi yana tambayar dangin ango ko akwai wani DJ a duk Kudancin Kaduna da ya taɓa kawo marigayiya wurin bikin 'yarta. Sunan Aradu dai bai kwana ba, har yau Cire-Hannu ake kiransa, injin kuma yana tokare da ƙofar ɗakin ajiyar citta.

Washegari da rana, bayan baƙi sun watse, gida ya yi faɗi babu Keziya, Baba Azariya ya fito da tsohon rediyonsa ya ajiye a gindin mangwaro. Ya kira ɗansa.

"Wurin nan da mamanka ya yi magana. Za ka iya nemo shi kuma?"

Silvanus ya cika ƙirji da iska. "Baba, ai ni wannan faifan..." Sai ya dubi fuskar tsohon, iskar ta fita. "Sai dai mu jira shi, Baba. Yana bayan Amin."

"To zauna."

Baba ya sa faifan da kansa. Suka ji waƙoƙin duka, aka yi Amin, babu wanda ya tashi ya kashe. Benci ya yi ta ƙara, tsofaffi suka yi ta tari, su biyu suna zaune sun kasa kunne suna jiran a yi musu faɗa. Silvanus ya zauna a kan hannuwansa.